Hansatu da Taushen da Ya Kwana

Duk wanda ya taɓa sauka a tashar Rano da yunwa ya san rumfar Hansatu, ko da bai san sunanta ba. Ita ce mai rufin kwano da ke kallon gabas, inda ake yi wa mutum faɗa kafin a zuba masa abinci. Da safe shinkafa da wake, da rana tuwo da miyar da kasuwa ta bayar. Amma ba rumfar ce ta yi mata suna ba. A gidajen biki ta yi shi. Daga Rano zuwa Lausu, in za a yi suna ko ɗaurin aure, bayan an gama maganar rago sai a tambayi wa za ta riƙe tukunya, kuma galibi amsar ɗaya ce.

A Unguwar Gai aka haife ta, can ƙasar Kibiya. Mahaifiyarta ta rasu tun ba a yaye ta ba, sai yayar ubanta, Gwaggo Fanta, ta ɗauke ta ta haɗa da 'yarta Sadiƙa ta raine su a kan tabarma ɗaya. A gindin murhun Gwaggo ta koyi komai: yadda ake tuƙa tuwo ba gudaji, yadda ake gane daddawar kirki daga ta ha'inci, yadda ake sa kanwa ba ta yi wa miya shisshigi ba. Da ta isa aure aka kawo ta Rano gidan Ja'afaru mai gyaran babur, mutum mai sanyin hali wanda tun farkon zamansu ya gano cewa shiru ya fi masa sauƙi. Ta haihu, ta aurar, ta yi jikoki. A duk tsawon wannan zama ba ta taɓa yanke wata shawara babba ba sai ta hau mota ta je ta durƙusa gaban Gwaggo. Ko kafa rumfar nan sai da tsohuwar ta ce to.

Ana nan sai labari ya zo cewa duk mai sayar da abinci da mai girkin biki sai ya halarci wani horo na tsabtar abinci, wanda wata ƙungiya ta shirya tare da ma'aikatan lafiya. Hansatu ta tafi tana huci, domin sai da ta rufe rumfa. Aka tara su a wani ajin makaranta, masu shayi da masu tsire da masu waina da kukun otal, aka cusa su a kujerun yara, gwiwa na dukan haɓa.

Matasan da ke wurin sun ɗauka sabon abu ne ya zo daga birni. Ba sabo ba ne. A da, zamanin da duba-gari ke duba-gari, mutum ne mai kakin da ya sha guga, yana yawo gida-gida da dogon ludayi. Ya leƙa randa, ya ɗebo ruwa ya ɗaga wa rana. In ya ga tsutsa ko ɗaya, randar nan a tsakar gida za a tuntsurar da ita, maigida kuma ya amsa kira. Mahauci ba ya rataya nama sai an duba. A makaranta ma kowace safiya sai an miƙa hannuwa an ga farce. Duk aka bari ya lalace, yanzu kuma an dawo ana koya wa masu furfura wanke hannu da hoto a jikin allo.

Malamar da ke koyarwa, Bushra, ba ta girmi 'yar Hansatu ta fari ba. Da ta fara nuna yadda ake cuɗa sabulu tsakanin yatsu, Hansatu ta ɗaga hannu.

"Malama, don Allah ki gafarce ni. Ni da nake alwala tun kafin a haifi babarki, yau ni za a koya wa wanke hannu?"

Aji ya fashe da dariya. Bushra ma ta yi, ta ce, "Mama, alwala da sabulu kike yi?"

Wani mai tsire daga baya ya ce, "An kama ki, Hajiya!"

"Kai rufe mana baki, mai tara ƙuda."

Haka aka yi ta tafiya. Rufe gashi, ta ce ita ba ta taɓa girki ba ɗankwali ba. Raba wuƙar nama da ta ganye, ta ce a sayo mata. Sai da aka zo kan abincin da ya kwana ne ta bar wasa ta kasa kunne. Bushra ta ce miya mai nama da gyaɗa, in aka sauke ta aka rufe ta kwana cikin zafi, tana iya lalacewa alhali ƙamshinta na nan lafiya lau. Hanci ba ya kama komai. Wani lokaci ko an sake tafasawa dafin da ƙwayoyin cuta suka bari ba ya mutuwa. Kuma ludayi ɗaya nata in ya shiga babbar tukunya, to tukunyar duka ta tafi.

"Ɗumame fa?" in ji Hansatu. "Da shi aka raine mu, ga mu nan ba mu mutu ba."

"Waɗanda suka mutu ai ba su zo horon ba, Mama. Kuma ɗumamen gidanki daban, tukunyar da gari guda zai ci daban. A cikin masu ci akwai jarirai a bayan iyayensu, akwai tsofaffi, akwai mai jego. Abin da zai murɗa miki ciki ki tashi, ita kwantar da ita zai yi."

Nan Hansatu ta tuna Jummai ta Lausu. Jummai ita ce gwanar girkin biki kafin ita. A wani auren bazara rabin gari suka kwana suna zarya bayan gida, aka kai wani dattijo asibiti aka yi masa ƙarin ruwa. Wasu suka ce baki ne, wasu suka ce rijiya. Amma tun daga ranar ba wanda ya ƙara kiran Jummai, har yara suka laƙaba mata sunan da ba ya faɗuwa. Hansatu tana wurin a matsayin 'yar gayya, kuma da idonta ta ga kwanukan gudummawa na zuwa daga ƙauyuka ana juyewa a tukunyar Jummai ɗaya bayan ɗaya. A lokacin ba ta ga komai a ciki ba. Kowa haka yake yi.

A danginsu Hansatu ma abin ya wuce gudummawa, al'ada ce mai suna. Haɗa hannu suke ce mata. Ranar suna kowane gida na dangi zai dafo miyarsa ya kawo, a juye duka a babbar tukunya, a juya. Kwanon farko na mai jego ne, don jariri ya sha kowane gida a cikin nono, ya tashi ba shi da bare a cikin 'yan'uwa. Gidan da aka ƙi karɓar miyarsa, an cire shi daga dangi ke nan. Ba a taɓa yi ba, shi ya sa ba wanda ya san yadda ake gyarawa in an yi.

Ba a daɗe da gama horon ba Mu'minat, matar ƙanenta Sagiru da suke uba ɗaya, ta haihu a Rurum Tsohon Gari, inda yake koyar da karatun allo. Haihuwar ta zo da gardama, sai da aka yi wa Mu'minat aiki a asibiti, ta dawo gida tana tafiya tana dafa bango. Lokacin kuwa tsakiyar bazara ne, irin zafin da kaji ke buɗe baki a inuwa. Ba sai an tambaya ba, Hansatu ce mai tukunya.

Tun da hantsi ta ja kujera ta zauna a bakin rumfar girki. Duk matar da ta shigo da kwano, kafin ta ƙarasa sai ta ji, "Sannu da zuwa. Yaushe kika dafa?" Sannan a ɗora bayan hannu a jikin kwanon.

Ta farko ta ɗauka wasa ne. Ta biyu ta ce, "Ikon Allah, yau kuma kwastan aka kafa?" Amma duk na kusa ne, da safen suka sauke, kwanukan na ƙona hannu, sai ta bari aka juye. Sadiƙa, wadda take taubashiyarta ce kuma ba ta taɓa raga mata ba tun suna yara, ta tsaya ta riƙe ƙugu.

"Jama'a ku matsa, likitar tukunya na duba marasa lafiya. Likita, ni ma ki taɓa ni, tun jiya nake jin jiri."

"Jirinki na gulma ne, ba shi da magani. Ina Gwaggo?"

"Tana hanya. Ni ta Rano na biyo. Ta ce ba mai riƙe mata miya sai ita."

Hansatu kuwa ta san gwiwoyin Gwaggo sun daina yarda da tashin asuba.

Sai da aka kusa kiran azahar akori-kura ta sauke tsohuwar a ƙofar gida. Ta shigo da sanda a hannu ɗaya, ɗaya hannun riƙe da bokitin roba mai murfi, an ɗaure shi da tsumma. Mata suka yi ta zubewa suna gaisuwa. Hansatu ta durƙusa har ƙasa, ta karɓi bokitin. Ba zafin wuta a jikinsa, sai ɗumin rana.

"Gwaggo, an sha hanya."

"An sha. Direban banza, ya shanya mu a Kibiya wai sai ya cika, da muka taso kuma taya ta fashe. Juye, 'yar nan, a kai wa yarinyar mutane, ta ji yunwa."

"Gwaggo, yaushe kika sauke ta?"

Sadiƙa ta ce, "Kai! Har da ita?"

Tsohuwar ba ta gane inda aka dosa ba, sai ta amsa da alfahari. Jiya bayan la'asar ta sauke. Miyar taushe ce, da kabewar bayan ɗakinta, da gyaɗar gonarta, da ƙashin bijimi da ta aika aka sayo musamman. Tana saukewa da zafinta ta rufe gam ta ɗaure don ɓera, ta ajiye a ɗaka kusa da kanta.

Hansatu ta kwance tsumman ta ɗaga murfi. Da ma ta yi tsami! Da ta yi tsami da magana ta ƙare, kowa ya ji da hancinsa. Ina. Ƙamshi ne ya tashi, ƙamshin da ta tashi a cikinsa, har yawunta ya tsinke. A gefe akwai 'yar kumfa, amma wace miya ce za ta sha hanyar Kibiya a bayan akori-kura ba ta yi kumfa ba? Ta duba ɗakin mai jego, inda aka saki labule. Ta mayar da murfin.

"Gwaggo, ki yi haƙuri. Wannan ba za ta shiga tukunya ba."

Gwaggo ta dube ta.

"Me kika ce?"

"Ta kwana a rufe cikin zafin nan, ta kuma yini a rana. Mu'minat ɗinki ne a cikinta. In ta kama gudawa yanzu, ba mu san inda za ta tsaya ba."

"Shinshina."

"Na shinshina."

"Ta yi wari?"

"Ba ta yi ba."

"To?"

"An gaya mana hanci ba ya kama komai."

"An gaya muku." Gwaggo Fanta ta juya ta dubi matan da suka kewaye su. "Kun ji. An gaya musu. Ni da na goye ta tana zawo a bayana, na ɗura mata koko da wannan hannun, yau hannun ne ya zama guba. Wa ya gaya muku? Ɗiyar wa?"

"Gwaggo, ba hannunki ba ne, rana ce. Ga daddawa, ga gyaɗa an daka, ki zo ki zuba da hannunki ki juya. Hannunki ya shiga ke nan."

"In zuba daddawar kasuwa in ce miyata ce? Ni za ki yi wa wayon yara?"

Wata dattijuwa ta ce a tafasa ta daban mana, wuta ai tana kashe komai. Hansatu ta ce ba komai ba. Wata ta ce a ɗiba cokali ɗaya kawai don al'ada. Hansatu ta ce cokali ɗaya da bokiti duk ɗaya ne. Sadiƙa ta matso ta rage murya, wasan ya bar fuskarta.

"Ke Hansatu, ki dubi Allah. Shekararta nawa? Wataƙila wannan ne sunan ƙarshe da za ta kawo miya. Ki juye ki yi bisimilla."

"In yarinyar nan ta kwanta, ke za ki shayar da jaririn?"

Aka aika waje aka kira Sagiru. Ya shigo da babbar riga, yana sunkuyar da kai saboda mata, ya tsuguna tsakanin gwaggonsa da yayarsa kamar wanda aka kawo shari'a. Ya ce Gwaggo ta yi haƙuri. Ya ce Yaya ta yi haƙuri. Ya kawo maganar zumunci, ya kawo maganar kiyaye lafiya, ya nuna duka biyun addini ya yi umarni da su, sannan ya ce ana jiransa a waje za a raba goro. Ya fice. Hansatu ta bi bayansa da harara. Matarsa ce fa, amma ya bar mata.

Nan Gwaggo ta gyara zama a kan tabarma, ta ajiye sanda.

"Shi ke nan. Tunda an cire gidana, ni zan sha abata. Sadiƙa, miƙo min ƙoƙo da malmala ɗaya. In guba ce, ku ga gawata kafin magariba, likita ta samu shaida."

Sadiƙa ta tsaya tana duban wannan tana duban waccan. Tsohuwar ta daka mata tsawa, ta tafi ta ɗauko.

Hansatu ta san Gwaggo. Ba ƙoƙo ɗaya za ta sha ba. Za ta sha, ta ƙara, ta kira jikoki ta ba su don a gani, alhali tsohuwa ce da ko azumi sai da aka hana ta bara saboda jiri.  Hansatu ta sunkuya ta ɗauki bokitin, ta ratsa matan, ta fita ta ƙofar baya inda ake zubar da toka. Ta tona rami da guntun fartanya, ta juye taushen nan duka, har ƙashin bijimin, ta tura toka da ƙasa ta rufe don kada awaki da kaji su tona.  Tunda take ba ta taɓa zubar da abinci ba, ko ƙanzo jiƙawa take yi.

Da ta dawo da bokitin wayam, salati ya tashi ko'ina. "Miyar nama! A wannan tsadar!" "Wannan ai sai ta yi istigfari."  Gwaggo Fanta ta dafa sanda ta miƙe, ta shiga ɗakin mai jego ta tofa wa jaririn addu'a, ta fito ta gyara mayafi, ta nufi ƙofa. Ko ruwa ba ta sha ba. Hansatu ta bi ta da bokitin tana "Gwaggo, Gwaggo," tsohuwar ba ta waiwaya ba. Sagiru ne ya samo mai babur ya kai ta bakin titi.

Aka ci suna aka watse. Mu'minat ta sha kwanonta na farko, ta kwana lafiya. Kowa ya kwana lafiya. Abin haushin kuma, wannan lafiyar ce aka ɗauka aka riƙa dukan Hansatu da ita.

"Kin gani ko?" in ji wata da ta tsaya a rumfarta bayan kwana biyu. "Ba wanda ko ciwon kai ya yi. Da ma tsoron banza ne."

"To ai ba wanda ya sha!"

"Shi ne fa. Da an sha ma ba abin da zai faru."

"Ke kika sani?"

"Ke kika sani?"

Gaskiyar magana, ba ta sani ba, kuma har abada ba za ta sani ba. Shaidar tana ƙarƙashin toka a Rurum. Da ta juye mutane sun kwanta, da an ce ta kashe dangi. Da ta juye ba abin da ya faru, da ba wanda ya tuna. Ta zubar kowa ya tsira, ta zama mara kunya. Ta zayyana wa Ja'afaru wannan lissafin yana cin tuwo, ya saurara har ƙarshe, ya ce, "Haka ne." Ta ce haka ne me? Ya ce duka.

Ta wanke bokitin da toka da sabulu, ta cika shi da goro da sabulun wanka da turmin atamfa, ta hau mota zuwa Unguwar Gai. Ta yi sallama, aka amsa mata, domin amsa sallama wajibi ne kuma Gwaggo ba ta wasa da wajibi. Daga nan ba ƙari. Hansatu ta durƙusa a bakin ƙofa ta yi bayani, ta ba da haƙuri, ta yi kuka. Tsohuwar tana ta ɓarar gyaɗa kamar iska ce ke kaɗawa. Da Hansatu ta tashi tafiya, aka juye mata kayanta a ɗankwali aka miƙo, aka riƙe bokitin. Ta koma da damina ta tarar an ce Gwaggo na barci, alhali tana jin tarinta. Da Babbar Salla ta aika da cinyar rago, aka raba wa maƙwabta a gaban ɗan aiken.

Wata rana Bushra ta biyo ta tasha ta zauna cin shinkafa. Ta yaba da ganin tulun wanke hannu da sabulu a bakin rumfa. Hansatu ta dangwarar mata da kwano.

"Malama, kun koya mana a zubar. Ba ku koya mana abin da za a gaya wa mai miyar ba."

Ta ba ta labari. Bushra ta ajiye cokali, ta ce abin da ta yi daidai ne.

"Na san daidai ne. Daidai ɗin zan riƙa gaisarwa da safe?"

Bushra ta ce wannan kam ba ya cikin darasin, kuma ita kanta har yau ba ta iya hana kakarta ajiye fura a ƙarƙashin gado ba. Hansatu ta ƙara mata wake, ta ce ta ci ta tafi.

Sana'a dai ba ta taɓu ba, sai ma ƙaruwa. Masu auren 'yan boko suka riƙa nemanta, wai ita ce matar nan da ba ta ɗaga wa kowa ƙafa. Wannan yabon ya fi zagin ƙona mata rai.

Bayan an gama girbi, 'yar Sadiƙa ta haihu a Unguwar Gai, a cikin gidan Gwaggo. Hansatu ta riga ta sa a ranta cewa a bakin ƙofa za ta zauna kamar baƙuwa. Sai ga Sadiƙa a rumfa ana jibi suna.

"An aiko ni. An ce a gaya wa likita ta zo da ludayinta, tunda duk dangin nan ba a haifi wata mai iya tuƙa tuwon mutum ɗari ba. An ce ba don halinta ba."

"Ita ta faɗa?"

"Ni na isa in ƙirƙira? Sauran saƙon kuma sai kin zo kya gani."

Ta isa da sassafe ta gani. Gwaggo ta aika wa kowane gida cewa tunda yanzu an samu likita a dangi wadda ba ta karɓar dafaffe, kowa ya kawo nasa ɗanye. Kuma suka kawo. Kabewa tsibi guda a gindin bango har ta kusa kai taga, alayyafo da yakuwa dami-dami, gyaɗa ko ɓarewa ba a yi ba, wani gida ma da kaza mai rai suka zo an ɗaure mata ƙafa. Matan da suka kawo kuwa suka shimfiɗa tabarmi a inuwa cikin kwalliyarsu, suka miƙe ƙafa. Ai sun haɗa hannu.

"Wa zai fere wannan duka?" in ji Hansatu.

"Likita mana," in ji Sadiƙa. "Mu hannunmu ba tsabta."

Ta ɗaura zani a ƙirji ta zauna. Ta fere, ta yanka, ta tsinke, ta sa aka yanka kazar ta fige. Daga baya wasu 'yan'uwa biyu suka ji kunya suka taso suka kama mata daka, ta tura su suka wanke hannu tukuna, suka tafi suna gunaguni. Gwaggo Fanta kuwa an kafa mata kujera 'yar tsugunno a gefen murhu, inda ba abin da zai wuce ba ta gani ba, tana magana da Sadiƙa kaɗai.

"Sadiƙa, gaya wa likita yankan kabewar nan ya yi girma."

"An ce yankanki ya yi girma."

"Na ji, ba kurma ba ce ni."

"Gaya mata tawa ce za ta fara shiga, mai wuyan nan, ba ta wani gida ba."

"An ce..."

"Sadiƙa, wallahi zan kwaɗa miki muciya."

Rana ta take, tukunya ta ɗauki tafasa, gumi ya jiƙe Hansatu har ɗankwali. Bayanta ya riƙe, yatsunta sun yi rawaya da kabewa. Sadiƙa ta shiga ɗaka wajen mai jego, ya rage daga ita sai tsohuwar a bakin murhu. Ta zuba gyaɗa tana juyawa, ba ta ɗago ba. Gwaggo ta leƙa tukunyar, ta leƙa ƙarƙashinta, ta waiga neman Sadiƙa ba ta gan ta ba. Ta yi tsaki.

"Ke Hansatu, wutar nan ta yi yawa. So kike ki kama min gindin miya?"

Wutar daidai take. Duk Rano da Kibiya ba mai gaya wa Hansatu yawan wuta. Ta sunkuya ta zare itace biyu ta turmusa su a ƙasa.

"To, Gwaggo."

"Ɗaya na ce? Mayar da ɗaya."

Ta mayar.